Lilon Jemage a Sabon Fili

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwiwoyin nan naki masu ƙorafi. Mu nan lafiya lau, sai idona na hagu da yake ta ruwa saboda wutar walda. Mai ɗakina tana gaishe ki.

Ɗanki ya iso lafiya, direban ya sauke shi har ƙofar gida. Tun da ya zo tukunyarmu ba ta ƙara kwana da saura ba. Na kai shi wurin kocin ƙungiyar 'yan kasuwa, ya gwada shi, ya ce hannunsa yana da kyau amma yana da gaggawar fitowa daga raga. Sun ɗauke shi gola na uku. Kada ki raina, akwai waɗanda suka yi shekara suna zarya ba a ko tambayi sunansu ba.

Kin ce in ba ki labarin filin da muke ginawa. Ƙarami ne, Yaya, kada ki sa ran irin wanda ake nunawa a talabijin. Da juji ne wurin. Aka kwashe shara, aka cike da ƙasa, aka zuba yashi, yanzu ana dasa ciyawa layi-layi kamar albasa. Gefe ɗaya rumfa ce mai rufin kwano, ɗaya gefen matakalar siminti ce kawai a tsakiyar rana. Ƙungiyoyi uku ne za su raba shi: ta kamfanin sabulu masu motar kansu, da ta 'yan kasuwa, da ta 'yan mata.

Ni aka ba aikin ƙarfen raga, kuma na yi shi yadda ba zan ji kunya ba. Bututu mai kauri na sa, sai mutum shida sun taru suke ɗaga ɗaya. Sai dai ba za a binne ƙafafunsa a ƙasa ba. Fili ɗaya ne ƙafafu da yawa, bakin raga ne yake fara yin sanƙo, don haka ranakun atisaye za a riƙa matsar da shi don ciyawa ta huta. A kan ƙasa yake zaune, ana kafe bayansa da turakun ƙarfe, in za a matsar a zare su.

Ki gaida maƙwabta.

Ƙaninki, Mai Walda

*

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta, na sake karantawa, har almakashi ya ɓace mini a ƙarƙashinta. Gwiwoyi suna nan yadda ka san su, keken ɗinki ne yake ƙarasa su. Idonka kuwa, tun kana yaro in an ce ka sa gilashi sai ka ce kai jarumi ne. To ga jarumta nan tana zubar da hawaye.

Batun tukunya kada ka kawo mini ƙara, ni na ciyar da kai lokacin da kake cin na mutum uku.

Gola na uku! Na faɗa wa duk wadda ta kawo ɗinki, har wadda ta zo karɓar aron allura. Da mahaifinsa yana raye da yau unguwar nan ba ta zaunu ba. Ka tuna ƙarafan ragar filin bayan makaranta? Shi ya haƙa ramin da hannunsa, ya kwaɓa siminti ya binne su, har yau suna nan tsaye ko gezau. Ka kuma tuna abin da ya sa ake ce masa Jemage. Kafin a busa usur sai ya sheƙo da gudu ya yi tsalle ya kama sandar sama, ya yi lilo, ya saki ya dira, fili ya ɗauki ihu. Ya ce in bai yi ba sai ya ji ragar ba ta san shi ba. Yaron nan tun bai kai ba uban yake ɗaga shi ya kama sandar, shi yana riƙe da ƙafafunsa. Bayan rasuwar ban taɓa ganin ya tsaya a raga bai yi ba, ni kuma ban taɓa gani ban yi kuka ba.

Na ji daɗi da ka ce naka ƙarfen sai mutum shida. Ashe dai ɗana zai yi lilo a kan aikin kawunsa.

Ka sa masa ido a kan abokai. Ka ce ya riƙa wanke safarsa, don na san hali.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ido ya yi sauƙi. Ki yi haƙuri da gajartar wannan, direban yana tsaye a kaina yana kallon agogo.

An gama fili, an buɗe, manya sun zo sun yanke ƙyalle sun tafi. Leburori da birkiloli duk an sallame su, ni aka riƙe cikin masu kula da fili saboda ƙofofi da kujeru kullum akwai abin da ya karye. Tun yanzu rigima ta fara tsakanin ƙungiyoyin. 'Yan kamfani sun ce safiya tasu ce, 'yan kasuwa sun ce ana ba su ciyawar da aka riga aka tattake, 'yan mata kuwa sai abin da ya rage. Wanda ya matsar da raga ya ce kafe ta aikin mai zuwa ne, mai zuwa ya ce aikin wanda ya matsar ne. Ni nake bin su da guduma.

Ɗanki ya zama gola na biyu, wanda yake gabansa ya koma ƙungiyar kamfani. Ranar nan na kama shi zai yi lilo a wurin atisaye, na daka masa tsawa a gaban mutane. Na ce masa abin da mahaifinsa ya saba yi a filin bayan makaranta ba na nan ba ne, ya bar shi can inda ya baro shi. Ya yi fushi, amma zai huce.

Sai na sake rubutowa.

Ƙaninki

*

Kai Mai Walda,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ka damu da sani.

Na karanta takardarka a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Ya bar shi can inda ya baro shi? Wato yanzu kun yi fili mai rufin kwano, abin bayan makaranta ya zama ƙauyanci. Ba yau ka fara ba. Tun ranar da mutumin nan ya zo neman aurena ka ce mai bin ƙwallo ba miji ba ne. Ya mutu ya bar maka duniyar, har yanzu ba ka huce ba? Bai bar wa yaron nan gida ba, bai bar masa gona ba, hannuwa biyu ya bar masa da wannan tsallen. Shi ne za ka tsawata masa a kai a gaban baƙi, kamar ka kama shi da sata.

Kada ka ce mini ƙarfe kake ji wa tsoro. Kai da bakinka ka ce sai mutum shida suke ɗaga shi. Yaron da in iska ta taso nake cewa ya shigo ɗaki, shi ne zai lanƙwasa maka shi? In fentinka kake tsoron ya goge, faɗa mini in aiko maka da gwangwani.

Na ba direba ƙunshi ya kai masa hannu da hannu, ba ta wurinka ba. Safar hannun mahaifinsa ce, na ɗinke inda ta yage. Na kuma rubuta masa tasa takardar. Na ce a wurin atisaye ya bi maganar kawunsa tunda a gidansa yake ci, amma ranar da aka fara sa shi a wasa na gaske ya sa safar nan, ya yi abin da ubansa yake yi, ko da duk garin za su yi masa dariya. Na ce in bai yi ba kada ya ce mini ya buga.

Ka gaida mai ɗakinka, ita ba ruwanta.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma roƙon ki karanta wannan a zaune har ƙarshe. Lafiyarmu ƙalau, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Wallahi ba raini ba ne. Abin da na faɗa kan mijinki ina saurayi na faɗa, kuma ni na ɗauki makararsa ina kuka. Laifina a waccan takardar shi ne gaggawa, na rubuta rabin magana na bar rabi.

Ga sauran. Ba lanƙwasa nake tsoro ba, faɗuwa nake tsoro. Na mijinki a cikin siminti suke, ko saniya aka rataya ba za su motsa ba. Nawa a kan ciyawa yake zaune. Nauyinsa duk a gaba yake da sama, bayansa siririn ƙarfe ne mai riƙe zaren raga. In turakun suna kafe, lafiya lau. In ba sa nan, mutum ya kama sandar sama ya ja, to gaba ɗayansa zai biyo shi ya danne shi. Nauyin nan da kike jin daɗinsa shi ne abin tsoron. Kuma na gaya miki yadda ake yi da turakun a filin nan, yau suna ciki, gobe suna yashe a gefe.

Na yi wa yaron wannan bayani har na kai shi na girgiza masa ƙarfen ya gani. Ya saurare ni da ladabi, ya ce ranar wasa ai a kafe yake. Ya ce Inna ta yi magana. Tun da ƙunshinki ya zo ya kwashe kayansa ya koma ɗakin da ƙungiya take kama wa 'yan wasa. In mun haɗu a fili yana gaishe ni, amma ba ya tsayawa.

Yanzu golan farko ya karya yatsa. Ɗanki ne zai tsare raga a wasan da za su yi da 'yan kamfani ƙarshen mako mai zuwa. Na so wannan ya zama albishir. Ni zan kafe turakun da hannuna ranar, kuma zan tsaya a bayan ragarsa. Amma don Allah, Yaya, ki rubuto masa layi ɗaya ki ce kin janye. Maganata ba ta kai taki ba a wurinsa, kuma haka ya kamata.

Ana ta ruwa, an ce hanyarku ta fara lalacewa. Na roƙi direba kada ya kwana da wannan a aljihu.

Ƙaninki

*

Ƙanina,

Sallama da gaisuwa. Ya ido? Ni gwiwa ta kumbura saboda sanyin damina, a zaune nake yanka, maƙwabciya take taka mini keke.

Shiru haka? Na san bakina ya yi kaifi a waccan takardar. Ka san ni, in raina ya ɓaci alƙalami ma gudu yake a hannuna. Amma kai ma ka san inda ka taɓa. To na huce, kai ma ka huce, mu biyu muka rage wa juna.

An ce ruwa ya cinye gada, motoci suna can sun yi layi a ƙetare, direbanmu ma yana cikinsu. Na gaya wa kaina shi ya sa ban ji daga gare ka ba. Wannan wani mai babur zan ba, wanda yake zagayawa ta tsohuwar hanya.

Wani ɗan unguwarmu da ya dawo ta can ya ce ya ji ana cewa yaron ne zai kama wa 'yan kasuwa. Da gaske ne? Tun da na ji ban iya cin abinci ba, murna ta cika mini ciki. Na fara ɗinka masa riga mai dogon hannu, na sa soso a gwiwar hannun saboda faɗuwa. In wasan ya riga ya wuce, ka ba ni labari tun daga farko, kada ka tsallake komai kamar yadda ka saba. Mutane sun cika? Safar ta yi masa daidai? Ya yi lilon? Ka gaya mini yadda fili ya yi da ya dira.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarki ta mai babur ta same ni a asibiti. Daga cikinta na gane tawa ba ta iso gare ki ba. Yaron yana da rai, ki fara riƙe wannan. Kin ce kada in tsallake komai, ba zan tsallake ba.

Ranar wasan da sassafe na kafe turakun ragogin biyu da hannuna, na hau na ja, ko motsi. Mutane suka cika fili fiye da ranar buɗewa, har matakalar rana babu wurin sa ƙafa. Ana cikin shiga sai turereniya ta ɓalle ƙofar gabas, ƙofar ta kwanta a kan mutane. Aka aiko a kira ni da gudu. Na duba ragar, na duba ƙofar, na tafi.

Ina can alƙalin wasa ya zagaya duba fili, ya ce ragar gefen rumfa ba ta zauna daidai kan layi ba, an sake shafa layin bayan ruwa ya wanke shi. Masu yankan ciyawa suka zare turakun, suka tura ta kamar tafin hannu ɗaya. Kafin su mayar, 'yan wasa sun fara fitowa, aka ce kowa ya fita daga fili. Suka ce a ransu in an tafi hutun rabin lokaci sa kafe.

Da na dawo ta ƙarƙashin rumfa, abin da na fara gani guduma ce da turaku a kwance kan ciyawa. Na ɗaga kai sai ga ɗanki ya nufo ragar da gudu, da safar mahaifinsa a hannu. Na yi ihu, na kira shi da duk sunan da na sani. Ganguna da hayaniya suka shanye muryata. Na tsallake shinge, wani mai gadi ya riƙe mini riga.

Ya yi tsallen, Yaya. Ya kama sandar da hannu biyu, ya tafi gaba, ya dawo. A dawowar ƙarfen ya biyo shi. Ya saki, ya juya zai kauce, sandar ta same shi a gadon baya. Mu da muka ɗaga ta daga kansa ban san ko mu nawa ba ne.

Aka ɗauke shi a kan wani ƙyauren katako zuwa mota. Na ji daga baya cewa an kafe turakun, an sa gola na uku, an buga wasan. Ban tambayi wanda ya ci ba.

Likita ya ce ƙashin baya ya karye, ya taɓa laka. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Na tambaye shi ko zai dawo, ya ce in yi addu'a, bai kalle ni ba da ya faɗa. Hannuwansa lafiya lau suke, har yana matse nawa. Wata nas ta ce in an sallame shi zai buƙaci gado mai sandar ƙarfe a sama, wadda zai riƙa kamawa yana ɗaga jikinsa don kada bayansa ya yi gyambo. Ta ji ni mai walda ne, ta ce ai shi ke nan an huta. Ni kuwa tun ranar ban iya ko kallon injina ba. Na ce musu su nemi wani a filin.

Jiya da ya farka daga maganin barci ya tambayi safar, na ce tana wurina. Sai ya ce:

"Kawu, ka gaya wa Inna na yi."

Na yi ta juya ko in rubuta miki wannan ko in bar shi. Ya sake tambayata yau ko na rubuta, shi ya sa na rubuta.

An ce an gyara gada. Ki taho.

Ƙaninki

*

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Ina da rai.

Direba ya kawo mini takardunka biyu a hannu ɗaya, ya miƙo bai ko shigo ya sha ruwa ba. Ashe da ya gaji da jira a gada, komawa wurinku ya yi. Ɗaya ta jiƙe ta bushe, na gane ita ce ta farko, na ce bari in bi su yadda ka rubuta. Na karanta bayaninka na turaku. Ban tsaya buɗe ta biyun ba. Na ture ɗinki, na yagi takarda na rubuta wa yaron: na janye, kada ka yi, ka bi maganar kawunka, ubanka ba zai yi fushi ba. Na ninke, na aika a tsayar mini da direba kafin ya juya. Har na ji sanyi a raina, na ce Allah ya sa na yi sauri. Sannan na buɗe ta biyun.

Takardar da na rubuta wa yaron tana nan a kan keken ɗinki, ban san wanda zan ba ba.

Kada ka ce ka rubuta rabin magana. Ka faɗa tun a takardarka ta farko cewa a kan ƙasa yake zaune. Na koma na duba, yana nan da rubutunka. Mutum shida na gani, sauran idona ya wuce.

Gobe zan shigo motar farko. Kada ka gaya masa na yi kuka. In ya sake tambaya, ka ce saƙonsa ya iso, Inna ta ji.

Na auna ƙofar ɗakina da tef ɗin ɗinki, keken guragu ba zai shiga ba, na yi wa birkila magana ya fasa ta. Saura gadon. Ba wani mai walda da zai taɓa abin da ɗana zai rataya a jikinsa, kai za ka yi shi. Ka tashi ka kunna injinka. Ka sa bututu mai kauri irin wancan, ka yi sandar daidai inda hannunsa zai kai yana kwance. In mun kawo shi gida ka zo da kanka ka haƙa daɓen ɗakin, ka binne ƙafafun a siminti.

Yayarka